Sarrafa bayanan kalandar kwamfuta da harsunan sikirif

Sarrafa bayanan kalandar kwamfuta da harsunan sikirif hanya ce da masu gina manhaja da ma'aikatan ofis ke bi don karantawa, ƙarawa, gyarawa ko goge alƙawura da taruka da ke ajiye a manhajar kalanda ta kwamfutar tebur, ba tare da mutum ya zauna yana shigar da su da hannu ɗaya bayan ɗaya ba. Sikirif ɗan gajeren shiri ne da ake rubutawa da harsuna irin su Python, Perl, PowerShell, AppleScript ko JavaScript, kwamfuta ta karanta shi ta aiwatar nan take. Manhajojin kalanda da aka fi yi wa wannan aiki su ne Microsoft Outlook a babbar manhajar Windows, da Calendar na kamfanin Apple, da Evolution da KOrganizer a Linux, sai Thunderbird wanda ke aiki a dukkansu.

Ana amfani da shi wajen ayyuka irin su zuba jadawalin darussan zango guda cikin kalandar malamai a lokaci ɗaya, ƙirga sa'o'in da ma'aikaci ya ɓata a taruka cikin wata, gano lokacin da mutum biyar duk ba su da wani aiki don a haɗa su, ko kwashe alƙawuran shekaru daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Ƙofofin shiga uku ne. Sikirif na iya buɗe fayil ɗin da bayanan ke ciki kai tsaye, ko ya yi magana da manhajar kalandar ta ba shi abin da yake nema, ko kuma ya tsallake kwamfutar gaba ɗaya ya je wurin uwar garken da manhajar ke ɗebo bayanan daga gare ta.

## Asali

A farkon shekarun 1990 kowace manhajar kalanda da nata salon ajiye bayanai, wata ba ta iya karanta na wata. A shekarar 1996 ƙungiyar Versit, wadda kamfanonin Apple, AT&T, IBM da Siemens suka kafa, ta fitar da tsarin vCalendar don musayar alƙawura tsakanin na'urori. Daga nan aikin ya koma hannun hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet. A watan Nuwamba na 1998 aka wallafa iCalendar a takarda mai lamba RFC 2445, wadda Frank Dawson na kamfanin Lotus da Derik Stenerson na Microsoft suka rubuta. An sabunta ta a watan Satumba na 2009 da RFC 5545, ƙarƙashin Bernard Desruisseaux na kamfanin Oracle, kuma ita ce ake aiki da ita har yanzu. Akwai wasu takardu biyu da ke tafiya tare da ita: iTIP, mai bayanin yadda ake gayyata da amsa gayyata da soke taro, da iMIP, mai bayanin yadda ake ɗora waɗannan saƙonni a kan imel.

Sunan iCalendar ya yi kama da iCal, manhajar da Apple ya fitar a 2002, shi ya sa mutane da yawa ke zaton abu ɗaya ne. Na farko tsarin rubuta bayanai ne da kowa ke iya amfani da shi, na biyu kuwa manhaja ce ta kamfani guda, wadda aka sauya wa suna zuwa Calendar a 2012.

## Fayil ɗin iCalendar

Fayil ɗin iCalendar rubutu ne zalla, sunansa na ƙarewa da .ics, kuma ana iya buɗe shi da kowace manhajar rubutu. Ga misalin darasi guda da ake maimaitawa duk mako:

```
BEGIN:VCALENDAR
VERSION:2.0
PRODID:-//Misali//Kalanda//HA
BEGIN:VEVENT
UID:darasi-0042@example.com
DTSTAMP:20240301T080000Z
DTSTART;TZID=Africa/Lagos:20240304T100000
DTEND;TZID=Africa/Lagos:20240304T113000
RRULE:FREQ=WEEKLY;BYDAY=MO;COUNT=12
SUMMARY:Darasin lissafi
LOCATION:Aji na biyu
END:VEVENT
END:VCALENDAR
```

Kowane layi suna ne, sai alamar ɗigo biyu, sai abin da sunan ya ƙunsa. Wannan yana cewa darasin zai fara ranar Litinin 4 ga Maris 2024 da ƙarfe 10 na safe agogon Najeriya, ya ƙare 11:30, a maimaita shi kowace Litinin har sau 12, wato na ƙarshe zai faɗo 20 ga Mayu. Layin UID shi ne lambar shaidar darasin, da ita ake gane shi duk inda aka kai shi. Cikakken fayil yakan ɗauki wani sashe mai suna VTIMEZONE da ke bayanin shiyyar lokacin da aka ambata, an bar shi a nan don taƙaitawa. Bayan VEVENT na taruka akwai VTODO na ayyukan da ake son kammalawa, da VJOURNAL na rubutun yau da kullum, da VFREEBUSY na nuna lokacin da mutum ke da sarari, da VALARM na tunatarwa.

Ganin sauƙin rubutun yakan sa mai koyo ya ce zai tsinka fayil ɗin da kansa, layi bayan layi. Nan ake fara tuntuɓe. Ƙa'idar ta ce bai kamata layi ya wuce bayit 75 ba, idan ya wuce sai a karya shi, a fara ci gaban da sarari guda a sabon layi. Saboda haka dogon suna ko bayanin taro zai zo a gutsure, dole a sake haɗa shi kafin a karanta. Kuma ma'aunin bayit ne, ba harafi ba. A tsarin UTF-8 haruffan Hausa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowannensu bayit biyu yake ci. Shirin da ke yanka layi a makance kan bayit na 75 zai iya raba harafin ƙ gida biyu, rabi a wannan layi rabi a na gaba, kuma idan mai karantawa ya mayar da bayit zuwa haruffa kafin ya haɗa layukan, sai sunan taron ya fito da baƙuwar alama a tsakiyarsa. Takardar RFC 5545 da kanta ta yi gargaɗi a kan wannan. Haka kuma waƙafi da waƙafi mai ɗigo da ke cikin rubutu ana sa musu alamar \ a gaba, sauka zuwa sabon layi kuma ana rubuta shi \n.

Don haka aka fi dogara da ƙunshin umarni da wasu suka riga suka gina suka gwada. A Python akwai icalendar da vobject, a Perl akwai Data::ICal, a JavaScript akwai ical.js da Mozilla ke amfani da shi, a harshen C kuma akwai libical wanda manhajoji da dama na Linux suka dogara da shi. Da ƙunshin icalendar aikin layi biyar ne:

```
from icalendar import Calendar
with open("kalanda.ics", "rb") as f:
    kal = Calendar.from_ical(f.read())
for taro in kal.walk("VEVENT"):
    print(taro.get("SUMMARY"), taro.decoded("DTSTART"))
```

Karanta fayil ba shi da wani haɗari. Rubutawa cikin fayil ɗin da manhajar kalanda ke riƙe da shi a lokacin da take aiki kuwa wani abu ne daban, domin manhajar na da kwafin bayanan a ƙwaƙwalwarta, tana iya shafe gyaran da sikirif ya yi da zarar ta sake ajiye nata. Kuma ba kowace manhaja ke ajiya a wannan tsari ba. Outlook na amfani da fayilolin PST da OST, Thunderbird na ajiye kalandar cikin gida a rumbun bayanai na SQLite, kuma fasalin irin waɗannan rumbuna na iya sauyawa daga wannan fitowa zuwa waccan ba tare da sanarwa ba.

## Outlook a Windows

Tun Outlook 97 manhajar ke buɗe kanta ga wasu shirye-shirye ta fasahar COM, wadda ke bai wa shiri ɗaya damar kiran umarnin wani shirin da ke kwamfuta guda. VBA da VBScript da PowerShell suna magana da COM kai tsaye. Perl na yi ta Win32::OLE, Python kuma ta ƙunshin pywin32 da Mark Hammond ya fara ginawa.

```
import win32com.client
outlook = win32com.client.Dispatch("Outlook.Application")
kalanda = outlook.GetNamespace("MAPI").GetDefaultFolder(9)
jeri = kalanda.Items
jeri.Sort("[Start]")
jeri.IncludeRecurrences = True
mako = jeri.Restrict("[Start] >= '03/04/2024 00:00' AND [End] <= '03/11/2024 00:00'")
for taro in mako:
    print(taro.Start, taro.Subject)
```

Lamba 9 ita ce lambar jakar kalanda a Outlook, kamar yadda 6 ke nufin akwatin saƙonni masu shigowa, 10 kuma jakar adireshin mutane. Jerantuwar layukan na da muhimmanci: sai an fara jera tarukan bisa lokacin farawa, sannan a kunna IncludeRecurrences, sannan a taƙaita su zuwa wani tsakanin lokaci. Idan aka kunna shi aka manta da taƙaitawa, taron da aka ce a maimaita ba tare da ranar ƙarewa ba zai sa shirin ya yi ta ƙirge babu tsayawa. Adadin da Count ke bayarwa a wannan yanayi ma ba abin dogaro ba ne.

Akwai tarko biyu a layin Restrict na sama. Na farko, Outlook na fassara kwanan wata bisa saitin yankin kwamfutar. A kwamfutar da aka saita irin ta Amurka, 03/04/2024 na nufin 4 ga Maris. A wadda aka saita irin ta Ingila ko Najeriya, 3 ga Afrilu ke nan, 03/11/2024 kuma ya zama 3 ga Nuwamba, sai shirin da aka rubuta don mako guda ya kwaso tarukan wata bakwai ba tare da ya nuna wani kuskure ba. Na biyu, sharaɗin zai tsallake taron kwana uku da ya fara kafin makon ya shigo cikinsa. Sharaɗin da ya fi daidai shi ne a nemi duk abin da ya fara kafin ƙarshen makon kuma ya ƙare bayan farkonsa.

Don ƙirƙirar sabon alƙawari ana kiran CreateItem da lamba 1, a cike suna da lokaci, a kira Save. Don sanin ko wani abokin aiki na da sarari akwai umarnin FreeBusy, wanda ke dawo da dogon jerin lambobi, kowace lamba na wakiltar wani yanki na lokaci da aka ƙayyade, misali minti 30: sifili na nufin babu komai, 1 ba a tabbatar ba, 2 yana da aiki, 3 ba ya ofis.

Wannan ƙofa ta COM ta taɓa jawo ɓarna mai yawa. Ƙwayar cutar Melissa ta watan Maris 1999 da ILOVEYOU ta watan Mayu 2000, wadda aka rubuta da VBScript, duk ta nan suka shiga littafin adireshin Outlook suka aika kansu ga mutanen da ke ciki. Bayan haka Microsoft ya sa wa manhajar mai gadi, wanda ke tambayar mai kwamfuta kafin wani shiri ya karanta adireshin imel ko ya aika saƙo. Shi ya sa sikirif na iya karanta sunan taro lami lafiya, amma ya tsaya cik yana jiran amincewa idan ya nemi adireshin mahalarta. Sabon Outlook na Windows, wanda aka gina kan fasahar yanar gizo, ba ya karɓar COM ko VBA, don haka tsofaffin shirye-shirye irin na sama suna aiki ne da tsohon Outlook kawai. A 2023 kuma Microsoft ya sanar cewa zai janye VBScript daga Windows sannu a hankali.

## Calendar a kwamfutocin Apple

AppleScript, wanda ya fito a 1993, an tsara shi ne ya yi kama da jimlolin Turanci:

```
tell application "Calendar"
    tell calendar "Aiki"
        set yau to current date
        get summary of every event whose start date > yau
    end tell
end tell
```

Ana iya kiran sa daga wani harshe ta umarnin osascript, kuma tun 2014 ana iya rubuta irin wannan da JavaScript. Rauninsa biyu ne. Yana da nawa idan kalanda ta tara dubban alƙawura. Sannan ba ya warware maimaituwa: darasin da ya fara a Maris ake yin sa duk Litinin, a wurin AppleScript abu ɗaya ne mai ranar farawa a Maris, don haka tambayar da ke sama ba za ta nuna shi a Afrilu ba ko da kuwa gobe ne za a yi shi.

Masu son amsa daidai sukan koma ga EventKit, wanda ya zo wayoyin iPhone a 2010, ya iso kwamfutocin Mac a 2012. Shi yana shiga rumbun kalandar ne ba sai an buɗe manhajar Calendar ba, yana kuma warware maimaituwa da kansa, sai dai tambaya ɗaya ba ta wuce tsawon shekara huɗu. Daga Python ana isa gare shi ta PyObjC. Babbar manhajar kan nemi izinin mai kwamfuta kafin ta bari a taɓa kalanda, kuma tun macOS 14 an raba izinin biyu, na ƙara alƙawari kawai da na ganin komai.

## Linux

Kamfanin Ximian ya fitar da Evolution 1.0 a watan Disamba na 2001. Daga baya aka ware sashen ajiye kalanda da adireshi ya zama shiri mai zaman kansa, Evolution Data Server, wanda ke aiki a bayan fage yana amsa tambayoyin sauran manhajoji ta hanyar D-Bus. Daga gare shi agogon da ke saman allon GNOME ke samo tarukan ranar, haka ma manhajar GNOME Calendar. Kalandar cikin gida tana zaune ne a fayil ɗin calendar.ics a ƙarƙashin jakar ~/.local/share/evolution, amma saboda dalilin da aka ambata a baya, an fi son a bi ta ƙunshin libecal. Fasahar GObject Introspection ta sa Python da JavaScript na iya kiran libecal ba tare da an rubuta wa kowane harshe tasa gadar ba. Mai rubuta sikirif zai fara neman jerin kalandun da aka yi wa rajista, ya haɗu da wadda yake so, sannan ya aika tambaya da wani ɗan salo mai yawan baka irin na harshen Lisp.

A ɓangaren KDE, KOrganizer na ajiye bayanansa ta Akonadi. Akwai kuma masu gudun duk wannan, su yi amfani da vdirsyncer, wanda ke sauke kalanda daga uwar garke ya ajiye kowane taro a nasa fayil ɗin .ics, da khal mai nuna su a allon umarni. Wannan tsari ya fi kowanne sauƙin sarrafawa da sikirif.

## Ta hanyar uwar garke

A yau yawancin kalandun da ake gani a kwamfutar tebur kwafi ne kawai, na ainihin yana kan uwar garke. Ƙa'idar CalDAV, wadda aka wallafa a RFC 4791 a watan Maris na 2007 da sunayen Cyrus Daboo, Bernard Desruisseaux da Lisa Dusseault, ta mayar da kowane taro wani abu mai adireshinsa a yanar gizo, a karanta shi ko a sauya shi da umarnin HTTP. iCloud da Fastmail da Nextcloud da Radicale duk suna aiki da ita, Google Calendar ma yana karɓar ta bayan nasa tsarin na musamman. Python na da ƙunshi mai suna caldav.

Wani abu mai amfani a CalDAV shi ne alamar ETag. Duk lokacin da aka sauya taro, alamarsa na sauyawa. Sikirif zai aika gyaransa tare da alamar da ya gani lokacin da ya karanta, idan wani ya riga ya taɓa taron daga wayarsa a tsakani, uwar garken ta ƙi karɓa. Da haka ba a shafe gyaran wani bisa rashin sani.

Microsoft Exchange ba ya amfani da CalDAV. Tsohuwar hanyarsa ita ce EWS, sabuwar kuma Microsoft Graph, kuma kamfanin ya sanar cewa zai fara toshe EWS a Exchange Online daga 1 ga Oktoba 2026. A Graph ma akwai bambancin nan na maimaituwa: adireshin events na dawo da tushen taro, calendarView kuma na dawo da kowace maimaituwa a tsakanin ranakun da aka ba shi.

## Maimaituwa

Kusan duk wahalar wannan fanni a nan take. Kalanda ba ta ajiye darasi 12, tana ajiye darasi ɗaya ne da ƙa'idar maimaita shi, wato layin RRULE. Ƙa'idar na iya ɗaukar abubuwa masu sarƙaƙiya a ɗan gajeren rubutu. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata, irin ranar da jihohi da dama a Najeriya ke ware wa tsaftar muhalli, ana rubuta ta FREQ=MONTHLY;BYDAY=-1SA. Ranar aiki ta ƙarshe a wata kuma FREQ=MONTHLY;BYDAY=MO,TU,WE,TH,FR;BYSETPOS=-1. A Python, sashen rrule na ƙunshin dateutil, wanda Gustavo Niemeyer ya fara rubutawa, shi ne aka fi amfani da shi wajen mayar da irin wannan layi zuwa jerin ranaku.

Warware RRULE kaɗai bai isa ba. Idan an soke darasin mako na biyar, ranar za ta shiga layin EXDATE, dole a cire ta. Idan an ƙara wata rana ta musamman, tana RDATE. Idan kuma an ɗage darasin mako na bakwai daga Litinin zuwa Laraba, za a sami wani VEVENT na biyu mai UID iri ɗaya da na farko, ɗauke da layin RECURRENCE-ID da ke nuna ainihin Litinin ɗin da ya maye gurbinta. Shirin da bai kula da wannan ba zai nuna darasin sau biyu a mako guda, ɗalibi ya zo ranar Litinin ya tarar da aji a rufe. Ƙunshin recurring-ical-events an gina shi ne don haɗa waɗannan abubuwa huɗu wuri ɗaya.

Manhajoji ma ba su daidaita a kan komai ba. A ƙa'idar iCalendar, abin da aka ce a maimaita ranar 31 ga kowane wata ba zai faru a Afrilu ko Yuni ba, domin ranar da babu ita tsallake ta ake yi. Outlook kuwa yakan mayar da shi ranar ƙarshe ta watan. Wanda ya kwashe tunatarwar biyan kuɗin haya daga wannan zuwa wancan ba tare da lura ba zai iya rasa watanni biyar a shekara.

Lokacin ƙarewa, wato DTEND, ba ya cikin taron. Hutun 1 ga Oktoba na yini guda ana rubuta farkonsa 20241001, ƙarshensa 20241002. Sikirif da ya ɗauki ranar ƙarshe a matsayin tana ciki zai ƙara wa kowane hutu kwana ɗaya.

## Shiyyoyin lokaci

iCalendar na da hanya uku ta rubuta lokaci. Idan ya ƙare da harafin Z, lokacin duniya ne na UTC. Idan yana da TZID, lokacin wata shiyya ce. Idan ba shi da ko ɗaya, lokaci ne mai bin mai shi: ƙarfe 6 na safe ne duk ƙasar da na'urar take, abin da ya dace da tunatarwar shan magani da safe amma bai dace da taron mutane biyu a ƙasashe daban-daban ba.

Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaban UTC da awa ɗaya duk shekara, Gana kuma tana daidai da UTC, babu mai sauya agogo a cikinsu. Wannan kan sa mai gina shiri a waɗannan ƙasashe ya manta cewa wasu na sauyawa. Ingila na ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Taron da aka tsayar ƙarfe 10 agogon Landan duk mako zai zama ƙarfe 11 a Kano a watan Janairu, amma ƙarfe 10 a watan Yuli. Idan sikirif ya mayar da ranar farko zuwa UTC sannan ya yi ta ƙara kwana bakwai, rabin shekara zai fito da kuskuren awa guda. Daidai shi ne a warware maimaituwar a shiyyar da aka rubuta ta, sannan a juya kowace rana zuwa shiyyar mai karantawa.

Sunayen shiyyoyi irin Africa/Lagos da Europe/London daga rumbun tz suke, wanda Arthur David Olson ya fara tarawa a shekarun 1980, hukumar IANA kuma ke riƙe da shi tun 2011. Windows na da nasa sunayen, Najeriya a wurinsa W. Central Africa Standard Time ce, kuma fayilolin da Outlook ke fitarwa da irin waɗannan sunaye suke zuwa. Shirin CLDR na ƙungiyar Unicode na da jadawalin da ke haɗa sunayen biyu. Gwamnatoci na sauya lokaci idan sun ga dama, kamar yadda Sudan ta koma daga awa uku gaban UTC zuwa awa biyu ranar 1 ga Nuwamba 2017, don haka kwamfutar da ba a sabunta rumbunta ba za ta ci gaba da ba da tsohon lokaci. Python ya samu sashen zoneinfo a fitowa ta 3.9 a shekarar 2020.

## Kalandar Hijira

An gina iCalendar kan kalandar Miladiyya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, saboda haka FREQ=YEARLY ba zai bi 1 ga Ramadan ba, zai tsaya kan ranar Miladiyyar da aka fara da ita, kowace shekara yana ƙara nisa da kusan kwana 11. Takardar RFC 7529 ta 2015 ta ƙara sashen RSCALE don magance haka. Ranar farawa na nan a Miladiyya, amma ana lissafa maimaituwar da wata kalanda, kamar ta Sin, ta Habasha mai wata 13, ta Yahudawa, ko ta Musulunci. Sunayen daga CLDR suke, ciki har da islamic-civil, mai bin lissafin zagayen shekara 30 da 11 daga cikinsu ke da ƙarin kwana, da islamic-umalqura, kalandar Hijira ta Saudiyya. Ƙunshin libical na fahimtar RSCALE idan an haɗa shi da ICU, dateutil kuwa bai san shi ba.

Ko da an samu manhajar da ta fahimta, abin da za ta bayar hasashe ne. A Najeriya Sarkin Musulmi ne ke sanar da tsayuwar wata bayan an tabbatar da ganinsa, kuma ranar na iya saɓa wa lissafi da kwana ɗaya. Masu gina kalandar makarantu da ofisoshi sukan shigar da ranakun Sallah a matsayin na wucin gadi ta layin STATUS:TENTATIVE, su gyara bayan sanarwa.

## Tsaro da sirri

Kalanda na bayyana inda mutum zai kasance, da wa, kuma yaushe, har da mahaɗin shiga tarukan bidiyo da lambobinsu. Adireshin sirri na .ics da Google Calendar da makamantansa ke bayarwa ba ya neman kalmar sirri, duk wanda ya same shi ya ga kalandar gaba ɗaya, don haka rubuta shi a cikin sikirif da za a ɗora a fili daidai yake da wallafa jadawalin mutum. Manyan kamfanoni sun koma tsarin OAuth 2.0, inda shiri ke karɓar izini mai iyaka, misali na karantawa kawai, wanda mai kalanda zai iya janyewa. Layin CLASS:PRIVATE da ke cikin taro kuwa roƙo ne kawai ga manhajar da ke nunawa, ba ya ɓoye komai daga shirin da ya buɗe fayil ɗin.

Sauya taro mai mahalarta ba kamar sauya alƙawarin mutum ɗaya ba ne. A uwayen garken da ke bin RFC 6638 ta 2012, da zarar mai shirya taro ya ajiye gyara ko ya goge taron, uwar garken da kanta ke aika wa duk waɗanda aka gayyata sanarwa. Sikirif da aka rubuta don share tsofaffin taruka na iya aika ɗaruruwan saƙonnin sokewa ga abokan aiki cikin minti guda, kuma saƙon da ya fita ba ya dawowa. Saboda haka ake gwada irin wannan shiri a kan kwafin kalanda marar mahalarta, a kuma sa ya fara buga jerin abin da zai taɓa kafin a ba shi damar taɓawa.